Tagwayen ƙananan taurari: amsoshin tambayoyin masu karatu

Wasiƙun wannan karon sun karkata ga abu guda: ƙananan taurari masu tafiya bibbiyu, suna kewaya juna kurkusa. Mun taƙaita tambayoyin, mun jera su yadda amsar ɗaya za ta share wa ta gaba hanya.

Assalamu alaikum. Na ji an ce akwai taurari biyu da ke kewaya juna cikin ƙasa da kwana ɗaya. Duniyarmu shekara guda take yi kafin ta kewaya Rana. Yaya za su yi haka ba su yi karo ba? Daga ɗalibin sakandare, Zariya.

Wa'alaikumus salam, ɗanmu. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ƙanƙantar taurarin ce ta ba su wannan dama.

Tauraro dunƙulen iskar haidurojin ne da nauyinsa ya matse cikinsa har wutar nukiliya ta kama. Idan nauyin bai kai kimanin kashi 7.5 cikin 100 na nauyin Rana ba, wato ninki 75 zuwa 80 na duniyar Mushtari, wutar ba ta ɗorewa. Daga wannan iyaka zuwa wajen kashi 60 cikin 100 su ne jajayen ƙananan taurari. Su ne mafi yawa, kusan uku cikin kowane taurari huɗu, amma dusashewarsu ta sa ido ba ya ganin su. Ko Proxima Centauri, wanda ya fi kowane tauraro kusa da Rana, sai da madubin hangen nesa.

Ɗauki CM Draconis, tagwayen da ke nisan tafiyar haske ta shekara 48 daga nan. Nauyin ɗaya kashi 23 cikin 100 ne na Rana, ɗayan kashi 21. Faɗin kowanne kusan rubu'in faɗin Rana ne. Tsakaninsu kilomita miliyan 2.6, ninki bakwai ke nan na nisan wata daga duniya, kuma suna gama zagaye ɗaya cikin awa 30 da rabi. Wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar wannan da ta wancan ta ninka faɗin kowannensu fiye da sau bakwai. Fili yana nan isasshe.

Abin da ke hana karo shi ne gudu. Kowanne yana jawo ɗan'uwansa, amma kowanne kuma yana tafiya a kaikaice da sauri, sai jawowar ta lanƙwasa hanyarsa ta zama da'ira maimakon ta kai shi ga ɗan'uwan. Gwargwadon kusanci, gwargwadon gudun da ake buƙata. A CM Draconis kowanne yana cin sama da kilomita 70 a sakan ɗaya.

Akwai waɗanda suka fi su matsewa. YY Geminorum awa 19 da rabi suke yi. A 2023 Chih-Chun Hsu da abokan aikinsa, da madubin Keck na Hawai, suka bayyana LP 413-53AB, a sashen saman da Kaza da 'Ya'yanta take. Waɗannan nauyinsu yana bakin iyakar zama tauraro, zagayensu awa 17, tazararsu kuwa kimanin ninki uku na nisan wata.

Ɗalibaina sun tambaye ni yadda ake sanin nauyin tauraro alhali ba wanda ya je can. Ina son bayanin da zan iya rubutawa a allo. Daga malamar kimiyya, Katsina.

Malama, wannan tambaya ce ta sa masana ke ba tagwayen nan lokaci mai yawa. Tauraron da ke shi kaɗai haskensa kawai ake gani, nauyinsa sai a ƙiyasta. Tagwaye kuwa jan da suke wa juna yana bayyana a cikin tafiyarsu, tafiya kuma ana iya auna ta. Idan aka dace hanyar zagayensu tana kwance daidai da inda muke kallo, har ɗaya yana gifta gaban ɗaya ya yi masa husufi, to ana samun nauyi da faɗi duka ba tare da jingina ga wani hasashe ba. Kusanci ne ke yawaita wannan dace: tagwaye masu nisa da juna da wuya su saitu har su rufe juna.

Awo biyu ake yi. Na farko shi ne bin hasken dare bayan dare. Madubi ba ya raba tagwayen, ɗigo ɗaya yake nunawa, amma hasken ɗigon yana raguwa sau biyu a kowane zagaye. Daga nan ake samun tsawon zagayen. Na CM Draconis kwana 1.268 ne, wato sakan 109,600.

Na biyu shi ne tsefe hasken a baje launukansa kamar bakan gizo. A cikin bakan akwai siraran layuka da sinadaran tauraron ke bari, kowanne da gurbinsa. Idan tauraro yana tahowa wajenmu layukansa suna gusawa ɓangaren shuɗi, idan yana tafiya sai su gusa ɓangaren ja. A tagwaye, yayin da ɗaya ke tahowa ɗayan yana tafiya, don haka kowane layi yana rabuwa biyu, ya haɗe, ya sake rabuwa. Gusawar ƙarama ce ƙwarai: gudun kilomita 75 a sakan yana matsar da jan layin haidurojin da ke kan nanomita 656.3 da nanomita 0.16 kawai (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita). A CM Draconis an samu kilomita 72 a sakan ga mai nauyin, 78 ga ƙaramin.

Ga lissafin allon. Haɗa gudun biyu, 150. Ninka da sakan 109,600, ki sami tsawon da'irar, kimanin kilomita miliyan 16.4. Raba da 6.283, wato pi sau biyu, ki sami tazarar da ke tsakaninsu, kilomita miliyan 2.62. Yanzu ki mai da ita ma'aunin nisan duniya da Rana ta hanyar rabawa da miliyan 149.6, sai ta zama 0.0175. Tsawon zagayen kuma ki mai da shi shekara, 0.003473. Dokar Kepler ta uku, yadda Newton ya gyara ta, ta ce jimillar nauyin biyu, a ma'aunin nauyin Rana, ita ce tazarar sau kanta sau kanta, a raba da tsawon zagayen sau kansa. Na sama ya ba da 0.00000536, na ƙasa 0.00001206, amsar 0.444. Sai rabo. Mai nauyi shi ne mai jinkirin gudu, don haka ana musanya lambobin: kashi 78 cikin 150 na 0.444 shi ne na babban, 0.23, kashi 72 cikin 150 na ƙaramin, 0.21. A nan ɗalibai suka fi yin kuskure, su ba mai saurin gudu babban kaso.

Faɗi kuma daga tsawon husufin yake fitowa. Husufi ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 76, wato sakan 4,560. Ninka da 150, ki sami kilomita 684,000. Wannan ita ce tafiyar da ɗaya ya yi daga sa'ad da gefensa ya taɓa gefen ɗan'uwansa zuwa sa'ad da ya fice ta ɗaya ɓangaren, kuma daidai take da faɗin biyun a haɗe. Faɗin Rana kilomita miliyan 1.39 ne, don haka su biyun tare kashi 49 cikin 100 ne na faɗinta.

Inda aikin ke lalacewa, na farko karkata. Gudun da muke aunawa shi ne wanda ke fuskantarmu kaɗai. Idan da'irar ta karkace har kusurwarta ta zama digiri 60 maimakon 90 na wadda ke kwance daidai da inda muke kallo, nauyin da lissafi zai bayar kashi 65 cikin 100 ne kacal na ainihin. Shi ya sa, ta wannan hanya, tagwaye marasa husufi ƙaramar iyakar nauyi kawai suke bayarwa. CM Draconis yana kan digiri 89.8, gyaran da ake yi masa bai taka kara ya karya ba. Sai haske na uku: idan wani tauraro ya shiga cikin ɗigon, husufin zai bayyana bai kai zurfinsa ba. Sannan idan husufin ba cikakke ba ne, jimillar faɗin biyun tana fitowa da kyau amma rabon kowanne yana rawa, dole a koma ga bakan a duba wanda layukansa suka fi ƙarfi. In aka kiyaye waɗannan, ana kai wa ga kuskuren da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba.

A aji an koya mana cewa lissafin ginin taurari ya zauna daram. Sai na karanta cewa ƙananan taurari sun fi yadda lissafin ya ce girma. Wanne ne daidai? Daga ɗalibin fiziks a jami'a, Kano.

Duka biyun, ɗan'uwa. Lissafin yana aiki sosai a kan Rana da makamantanta. A kan jajayen ƙananan taurari masu tagwaye kuwa akwai saɓani, ƙarami amma ya ƙi gushewa. A 2002 Guillermo Torres da Ignasi Ribas suka auna YY Geminorum da kyau: nauyin kowanne 0.60 na Rana, faɗi 0.62, zafin fuska wajen digiri 3,800 a ma'aunin Kelbin. Faɗin ya wuce abin da lissafin lokacin ya bayar, zafin kuma ya gaza. A 2009 aka sake auna CM Draconis, shi ma ya wuce da kimanin kashi 5 cikin 100. A dunƙule, tagwaye irin waɗannan sukan fi lissafi faɗi da kashi 5 zuwa 10, su kuma fi shi sanyi da kashi 3 zuwa 5.

Lura da wani abu a cikin lambobin nan. Idan faɗi ya ƙaru da kashi 10, fuskar tauraro ta ƙaru da kashi 21. Idan zafi ya ragu da kashi 5, hasken da kowane yanki na fuskar ke fitarwa ya ragu da kashi 19. Kusan sun cinye juna. Wato jimillar hasken ta yi daidai da lissafi. Wutar da ke can ciki lafiyarta ƙalau, matsalar tana wajen yadda zafin ke fita.

Babban abin zargi shi ne kusancin kansa. Tagwaye masu zagayen 'yan kwanaki suna jan juna har jikin kowanne ya ɗan miƙe, kuma a hankali wannan jan yana tilasta wa kowanne ya riƙa juyawa a kan kansa daidai da zagayen, fuska ɗaya tana kallon ɗan'uwa kullum, yadda wata yake wa duniya. Rana kwana 25 take yi kafin ta juya sau ɗaya a tsakiyarta, gudun kilomita 2 a sakan. Taurarin YY Geminorum awa 19 da rabi suke yi, gudun kusan kilomita 38. Tauraro shi kaɗai yana rage juyawa in ya tsufa, su kuwa zagayen ba ya barin su huta.

A cikin irin waɗannan taurari zafi yana fita ne ta hanyar tafasa, kamar koko a tukunya: mai zafi ya taso, ya huce, ya koma ƙasa. Wanda nauyinsa bai kai kashi 35 cikin 100 na Rana ba, tun daga tsakiya har fuska haka yake tafasa. Tafasa da saurin juyawa in sun haɗu suna haifar da maganaɗisu mai ƙarfi, shi kuma yana riƙe iskar ya hana ta tasowa da sauƙi, ya kuma shimfiɗa manyan baƙaƙen tabo masu sanyi a fuskar. Tun farkon shekarun 1950 Gerald Kron ya gano alamar irin wannan tabo a hasken YY Geminorum. Zafin da aka tare wa hanya sai ya kumbura tauraron har fuskarsa ta yi faɗin da zai isa ya fita.

Bayanin yana da ƙarfi, amma bai rufe maganar ba. A 2011 an samu tagwayen LSPM J1112+7626, masu zagayen kwana 41, waɗanda kusanci bai ɗaure juyawarsu ba, su ma a kumbure da kusan kashi 4. A 2014 Gregory Feiden da Brian Chaboyer suka nuna cewa kumbura taurari masu tafasa gaba ɗaya, irin CM Draconis, ta hanyar maganaɗisun ciki yana buƙatar ƙarfin da ya wuce hankali. Ga shi kuma tabon yana ɓata awon da kansa: idan ya taru a saman tauraro da ƙasansa, tsakiyar da ake yi wa husufi za ta fi sauran haske, siffar husufin ta canja, faɗin ya fito ya ɗara gaskiya. A ganinmu wani kaso na saɓanin kumburi ne na gaske, wani kason kuma tabo ne ke ruɗin ma'auni, kuma wanda ya ɗauki awon husufi na 'yan darare ya gina hukunci a kai ya yi gaggawa.

Kashi 5 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Girman duniyar da ke gifta gaban tauraro ana auna shi ne da girman tauraron. Kuskuren kashi 5 a faɗin tauraro kuskuren kashi 5 ne a faɗin duniyar, kusan kashi 15 a cikarta. Wannan ya isa ya sa a ruɗe tsakanin duniyar dutse tsantsa da mai ɗauke da ruwa mai yawa.

Shin a haka aka same su tun farko, ko daga baya suka matso kusa da juna? Kuma ƙarshensu haɗewa ne? Daga wani dattijo mai ritaya, Damagaram.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Daga baya suka matso, hujjar kuma a fili take. Jaririn tauraro ƙato ne. Wanda nauyinsa zai tsaya a kashi 20 cikin 100 na Rana, a shekara miliyan ɗaya ta farko ya fi Rana faɗi, sai ya yi ɗaruruwan miliyoyin shekaru yana tsukewa. Da taurarin LP 413-53AB suna wurin da suke yanzu tun suna jarirai, da jikinsu ya shige na juna. Ban da haka, gajimaren iskar da ke dunƙulewa ya zama tauraro ba ya rabuwa biyu sai a tazarar da ta ninka nisan duniya da Rana sau da yawa.

Abin da ke fara matso da su shi ne ragowar iskar da ke kewaye da su tun suna jarirai, wadda ke rage musu ƙarfin zagaye. Sai tauraro na uku. Idan akwai wani a nesa yana kewaya su a karkace, jansa yana miƙar da da'irar tagwayen ta zama doguwa siririya, lissafin da Lidov da Kozai suka fitar a farkon shekarun 1960. A kowane zagaye sai su gifta juna dab da dab, jan da suke wa jikin juna ya cinye ƙarfin tafiyar, da'irar ta tsuke ta koma ƙarama. Binciken Andrei Tokovinin na 2006 ya sami cewa a cikin tagwaye masu kama da Rana da zagayensu bai kai kwana 3 ba, kusan kashi 96 cikin 100 suna da na uku. CM Draconis ma yana da abokin tafiya a nesa, farin ƙaramin tauraro da ya riga ya ƙone. YY Geminorum kuwa ɓangare ne na gidan Castor, wani tauraro mai haske da ido ke gani, gida mai taurari shida.

Hanya ta uku birkin maganaɗisu ce. Iskar da tauraro ke fesawa tana bin layukan maganaɗisunsa zuwa nesa kafin ta kuɓuce, tana tafiya da ƙarfin juyawarsa. Tunda juyawar a ɗaure take da zagayen, zagayen ne ke biyan asarar, sai tazara ta ragu. An daɗe ana ganin tagwaye irin waɗannan ba sa sauka ƙasa da kwana 0.22, wato awa 5 da 'yan mintuna, har wasu suka ce birkin ƙananan taurari ba shi da ƙarfin da zai kai su can cikin shekara biliyan 13.8 da sararin samaniya ya yi. A 2012 Bas Nefs da abokansa, da madubin UKIRT na Hawai, suka sami tagwaye huɗu na jajayen taurari ƙasa da wannan iyaka, mafi sauri bai kai awa 3 ba. A 2023 Kareem El-Badry ya bayyana ZTF J2020+5033, jan tauraro da wani dunƙule mai nauyin Mushtari 80, masu zagayen awa 1.9, da'irarsu duka za ta shige cikin Rana. Birkin ya fi yadda aka zata ci.

Haɗewa kuwa tana faruwa. A 2008 an ga V1309 Scorpii ya haɗe ya yi walƙiya ja, amma babbansu ya fi Rana nauyi. Irin su CM Draconis, in igiyoyin nauyi da Einstein ya yi hasashe ne kaɗai ke rage musu tazara, sai sun haura shekara tiriliyan ɗaya.

Yaya za a yi kusan shekara 30 ana nazarin abu, sannan a ce ashe biyu ne? Ina nufin Gliese 229B. Daga mai karatu, Kumasi.

Gliese 229B yana cikin na farko da aka tabbatar, a 1995, daga dunƙulen da suka fi duniyoyi nauyi amma suka gaza zama taurari. Yana nisan shekarar haske 19, yana kewaya wani jan tauraro. Irin waɗannan ba su da wuta mai ɗorewa, hucewa kawai suke yi, kuma mai nauyi ya fi jinkirin hucewa. Da aka bi tafiyarsa shekara da shekaru aka sami nauyinsa wajen Mushtari 71. Abu mai wannan nauyi bai kamata ya dusashe haka ba, ko da tsufansa ya kai na tarin taurarinmu.

A Oktoban 2024 Jerry Xuan da abokansa suka warware ƙullin. Da na'urar GRAVITY, mai haɗa hasken manyan madubai huɗu na Paranal a ƙasar Chile su yi aiki tamkar ɗaya, da kuma na'urar tsefe haske ta CRIRES+, suka ga biyu ne: mai nauyin Mushtari 38 da mai 34, suna kewaya juna cikin kwana 12, tazararsu ninki 16 na nisan wata. Kowanne ya fi saurin hucewa a kan guda ɗaya mai 71, sai hasken ya yi daidai da lissafi. Daga nan tazarar tasu ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 na sakan ɗin kusurwa ba (sakan ɗin kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri), abin da madubi guda ba zai raba ba. A jajayen taurari kuskuren yakan zo ta ɗaya gefen: biyu da aka ɗauka ɗaya ne sukan bayyana da hasken da ya ninka na sa'anninsu, a ɗauka yaro ne da bai gama tsukewa ba.

Duniya za ta iya zama kusa da irin waɗannan tagwaye? Daga ɗaliba, Maraɗi.

Za ta iya, 'yarmu, in tana kewaya su duka biyun daga nesa. Ƙa'idar ita ce nisanta ya ninka tazarar tagwayen sau 2 zuwa 4, in ba haka ba jansu mai canjawa zai wurgar da ita. Kepler-16b, da Laurance Doyle da tawagarsa suka sanar a 2011, tana kewaya taurari masu nauyin 0.69 da 0.20 na Rana. Su kwana 41 suke yi, ita kwana 229, nisanta ya ninka tazararsu sau uku da ɗoriya. Girmanta kamar Zuhalu ne.

A CM Draconis hasken biyun a haɗe kusan kashi 1 cikin 100 ne na Rana. Wurin da duniya za ta sami ɗumi irin namu yana kashi ɗaya cikin goma na nisanmu da Rana, ninki shida na tazarar tagwayen, shekararta kwana 17. Wuri ne da jan tagwayen ba zai wurgar da ita ba. Shi ya sa a shekarun 1990 Doyle ɗin da abokansa suka yi sama da awa 1,000 suna gadin CM Draconis, ba su tabbatar da wata duniya ba. Babbar barazana a irin wurin ita ce tartsatsin wuta da maganaɗisun taurarin ke yawan yi, wanda ke iya zaizaye iskar duniyar.

Ina da madubi mai faɗin santimita 20 da kyamara. Akwai wanda zan iya bi da kaina? Daga mai ɗaukar hoto, Jos.

Akwai, Malam: YY Geminorum. Yana dab da Castor, ɗaya daga taurari biyun da malaman hisabi ke kira Zira'a, wanda manoma ke lissafawa cikin taurarin damina. A damina Rana tana kusa da shi, ba a ganin sa da dare. Lokacinsa Disamba zuwa Maris ne. Tsakiyar Janairu yana kaiwa ƙololuwarsa da tsakar dare, a Maris kuwa bayan isha'i, kimanin digiri 70 sama da gefen arewa.

Haskensa lamba 9 ne a ma'aunin da ido ke tsayawa a 6, inda girman lamba ke nufin dusashewa, amma madubinka zai kama shi cikin sauƙi. Wahalar maƙwabcinsa ce. Yana kudu da Castor da kimanin sakan 70 na kusurwa, kashi ɗaya cikin 25 na faɗin wata, Castor kuma ya ninka shi haske kusan sau 1,000. Don haka ka yi amfani da dogon zuƙowa don su rabu sosai, ka tabbata tsinken hasken Castor da ƙarafan cikin madubi ke haifarwa bai bi ta kansa ba. In ya bi, juya bututun madubin kaɗan. Dole ƙafar madubin ta kasance mai bin tafiyar sama da kanta.

Husufi yana zuwa duk bayan awa 9 da minti 46, yana ɗaukar kusan awa 2, hasken yana raguwa da sama da sulusi. Husufi biyar suna cin awa 48 da minti 51, wato in ka kama ɗaya yau, jibi zai dawo a makare da minti 51. Jadawalin farawa yana shafin ƙungiyar AAVSO ta masu bin taurari masu canja haske. Ka fara awa guda kafin husufin ka ƙare awa guda bayansa, domin ba a sanin zurfin rami sai an ga bakinsa biyu.

Ɗauki hoto duk minti ɗaya, buɗewar sakan 10 zuwa 30, a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. JPEG yana matse lambobin haske, ba ya aunuwa. Kada ka canja tsawon buɗewa ko saitin kyamara a tsakiyar aiki, kuma ka duba cewa YY Geminorum bai cika ma'aunin kyamarar ba. Castor zai cika, wannan ba komai. Ka ɗauki hotuna 20 da murfi a rufe da irin buɗewar, don cire hayaniyar kyamara, da wasu 20 na sararin magariba don gyara ƙura da duhun gefe. A manhajar AstroImageJ, wadda kyauta ce, ka zaɓi taurari biyu ko uku marasa canjawa a cikin hoton ka riƙa auna shi da su. Da'irar awon ta zama ƙarama, zoben auna hasken sama kuma kada ya taɓa Castor.

Hazon hunturu shi ne babban abokin gaba. Yana rage hasken duk taurarin hoton tare, wannan kwatancen yana gyara shi, amma yana kuma baza hasken Castor ya malala kan YY Geminorum, husufin ya fito bai kai zurfinsa ba. Daren da ka ga Castor da kambin haske kewaye da shi, lokacin tsakiyar husufi kawai za ka amince da shi, ban da zurfin. Idan ka ga hasken ya yi tsalle cikin minti ɗaya ko biyu sannan ya sauko a hankali, kada ka goge hotunan, tartsatsin tauraron ne.

Saita agogon kyamara da na intanet kafin ka fara, ka cire awa ɗaya daga lokacin Najeriya don komawa lokacin duniya. Kafin ka kwatanta sakamakonka da na wasu ka bari manhajar ta gyara lokacin zuwa tsakiyar tsarin Rana, domin gwargwadon inda duniya take a zagayenta, hasken yana iya riga ko makara da kimanin minti 8.